Shuɗi biyu a birnin Agadas

Wanda ya hau hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, ya sunkuyo ya dubi gari da hantsi, ba abin da zai cika masa ido sai jar ƙasa, tun daga katangu da soraye har ƙurar da iska ke tayarwa a lunguna. Amma in ya natsu zai tarar da shuɗi iri biyu a cikin wannan jan. Na farko yana bisa kan mutane, wato rawanin nan mai ƙyalli da Abzinawa ke kira alasho, wanda ake fiddowa daga adaka ranar Salla ko lokacin bikin Biyanu. Na biyu yana bisa rufin gidaje da shaguna, wato farantan da ke mayar da hasken rana wutar lantarki, waɗanda kowa ke ce wa sola. Ido yana ɗaukar su ƴan uwan juna, alhali kuwa dalilin shuɗin kowanne daban yake. Tarihin yadda aka gano wannan bambanci shi ne, kusan babi bayan babi, abin da ɗalibanmu na lise ke haddacewa da Faransanci a darasin fizik: karon taguwoyin haske, matakan makamashi a cikin atom, da abubuwan da ake kira semikondakta. Yawancinsu suna fita jarrabawa ba su taɓa jin cewa amsar tana naɗe a kan kakanninsu ba.

Rawanin ba a Agadas ake yin sa ba. Mafi daraja a cikinsa daga Kura yake zuwa, wani gari mai nisan kimanin kilomita 30 daga birnin Kano, shi ya sa Hausawa ke ce masa ɗan Kura. Masaƙa su saƙa turkuɗi, ƙyalle siriri wanda faɗinsa bai fi na yatsa ɗaya ko biyu ba, a ɗinke layi-layi, sannan a kai marina. A da ayarin raƙuma ne ke ɗauko shi ta Damagaram da Damargu har Abzin, su kuma su sauko da gishirin Bilma da dabino. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya yi kusan mako uku, har ya ga naɗin Sarkin Abzin Abdulƙadir. Da ya isa Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300, kuma ya ambaci Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu cikin kasuwannin da suke isa. Ashe shuɗin da Turawa suka laƙaba wa mutanen Sahara, har suna ce musu shuɗɗan mutane saboda yadda rinin ke zuba a fatarsu, aikin marinan ƙasar Hausa ne.

Ya kamata a daɗe kaɗan a bakin karofi, domin abin da ke faruwa a cikinsa ba ƙaramin ilimi ba ne. Ganyen baba tsanwa ne, kuma sinadarin da ke cikinsa ba shi da launi ko kaɗan. Sai an daka ganyen, an dunƙula, an shanya, sannan a zuba shi a ramin da ya fi tsayin mutum zurfi, tare da ruwa da toka da katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa ana motsawa. Shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai shiga zare ba sai an sauya masa hali. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne ke wannan aiki a cikin ramin, su mayar da shi wani abu mai narkewa, mai launin rawaya-rawaya. Marini ba ya da ma'aunin zafi ko na tsami. Da wari, da kalar kumfa, da yadda ruwan ke santsi a hannu yake sanin ramin ya nuna. In ya tsoma zane ya fiddo, zanen tsanwa-tsanwa yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idon mai kallo, domin iskar oksijin ta mayar da sinadarin halinsa na farko, ya maƙale a cikin zaren. A tsoma, a shanya, a sake tsomawa, har shuɗin ya kusa zama baƙi. Daga nan sai mabuga, inda ƙarti ke ɗora zanen bisa gungume, su shafa masa garin shuni da ɗan maiƙo, su yi ta dukansa da manyan tabaren itace har ya yi sumul ya ɗauki wani ƙyalli ja-ja kamar na jan ƙarfe. Wannan ƙyalli shi ne kuɗin rawanin, shi ya sa ake naɗe shi a takarda kuma ba a wanke shi.

Marina sun iya wannan duka tun ƙarnoni da yawa. Tambayar da ba su da amsarta, kuma babu wanda ke da ita a duniya a lokacin, ita ce me ya sa shuni ke shuɗi.

Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne in haske ya taso daga abu ya shiga ido. Newton kuma ya nuna, wajen 1666, cewa farin hasken rana gauraye ne na launukan bakan gizo. Abin sha'awa, da ya zo ƙidaya launukan nan bakwai, ɗaya daga cikinsu sunan rinin baba ya ba shi, domin a zamaninsa shunin Indiya ya cika kasuwannin Turai. A 1801 wani likita ɗan Ingila, Thomas Young, ya kawo bayanin cewa haske tafiya yake kamar taguwar ruwa. In taguwa biyu suka haɗu tudu bisa tudu sai su ƙara ƙarfi, in kuwa tudun ɗaya ya faɗa cikin kwarin ɗaya sai su kashe juna, ruwa ya kwanta. Da wannan ya fassara launukan da ake gani a kumfar sabulu, irin waɗanda ɗigon man mota ke yi bisa ruwan kwata. Mutanen ƙasarsa ba su saurare shi ba sosai, sai da Bafaranshe Augustin Fresnel ya zo da cikakken lissafi wanda ya ci kyautar majalisar masanan Faransa a 1819. Tun daga nan aka san kowane launi da tsawon zangonsa, kamar yadda mai rediyo ya san mita 49 da mita 31 a gajeren zango. Sai dai zangon haske ƙanƙane ne ƙwarai, da nanomita ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin miliyan dubu na mita. Ido yana gani daga wajen 400, inda shuɗi da shunayya suke, zuwa wajen 700, inda ja yake.

Mai karatu ya riƙe maganar Young, za mu buƙace ta a kan rufin gida. Ga rawani kuwa ba ta isa ba. An gane cewa shuni yana haɗiye hasken da ke wajen nanomita 600, wato ruwan goro da maƙwabtansa, ya bar shuɗi ya komo ido. To me ya sa ya zaɓi wannan ya bar wancan?

Kafin a samu amsa, masu sana'a sun riga masu bincike. Adolf von Baeyer, masanin sinadarai na Jamus, ya fara aiki kan shuni a 1865, ya gano yadda ƙwayarsa ke ginuwa a 1883, kuma a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta. Kafin yaƙin 1914 noman baba na Indiya ya durƙushe. Marinanmu sun fi daɗewa a tsaye, amma a cikin ƙarni na 20 rinin gwangwani da atamfar waje sun ci kasuwarsu sannu a hankali, ramuka da dama suka cike da shara, har a marinar Ƙofar Mata ta Kano wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Baeyer ya karɓi kyautar Nobel a 1905, alhali shi kansa bai iya faɗin dalilin launin abin da ya haɗa ba.

Amsar ta fito ne ta wata hanya da ba wanda ya zata. A 1814 wani mai gyaran gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya lura da ɗaruruwan baƙaƙen layuka sirara a cikin bakan gizon hasken rana. Wajen 1860 Kirchhoff da Bunsen suka nuna cewa kowane sinadari yana da nasa layukan, kamar yadda kowane gida ke da shaidar da yake yi wa raƙumansa. Sai kuma wani malamin makaranta, ina son malamai su lura da wannan, mai suna Johann Balmer, wanda ke koyar da lissafi a makarantar ƴan mata a birnin Basel, ya gano a 1885, yana da shekara 60, ƙa'idar da ke haɗa layuka huɗu na iskar haidurojin: nanomita 656, da 486, da 434, da 410. Ya samu ƙa'ida, bai samu dalili ba. Niels Bohr ne ya kawo dalilin a 1913. Ya ce ilektron da ke cikin atom ba ya iya riƙe makamashi yadda ya ga dama, sai a kan wasu matakai ƙayyadaddu, kamar mai hawan tsani da ba ya iya tsayawa tsakanin mataki da mataki. In zai hau, sai ya haɗiye ƙwayar haske wadda makamashinta ya yi daidai da tazarar. In zai sauko, sai ya fitar da irinta. Saukowa daga mataki na uku zuwa na biyu a haidurojin tana sakin ilektron-volt 1.89, kuma wannan shi ne jan layin nan na nanomita 656.

Ƙwayar shuni ta fi atom ɗin haidurojin sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, atom 30 ne a haɗe, kuma sai da ilimin ya ƙara nuna a shekarun 1920 da bayansu aka iya lissafa matakanta. Amma hukuncin ɗaya ne. Tazarar da ke tsakanin matakin da ilektron ɗinta ke zaune da na sama da shi ta kai kimanin ilektron-volt 2, kuma hasken da ke ɗauke da wannan adadi shi ne na wajen nanomita 600. Shi ake haɗiyewa. Abin da marini ke yi in ya ruɓar da ramin shi ne ƙara wa ƙwayar ilektron, tazarar ta faɗaɗa, launin ya gudu. Iska ta karɓe su, launin ya dawo.

A nan akwai wani kuskure da nake jin tsoron malami zai iya faɗawa ciki saboda zumuɗi. Ƙyallin alasho yana sauya kama in an juya shi a rana, sai a yi zaton irin launin kumfar sabulu ne, wato karon taguwoyi. Dalilinsa wani ne. Duk abin da ke haɗiye wani launi da tsananin ƙarfi, in aka tara shi da kauri aka goge fuskarsa ta yi sumul, yakan kuma mayar da wani kaso na wannan launin daga fuskar, kamar yadda ƙarfe ke yi. Shuni yana haɗiye ja-ja, saboda haka ja-ja yake walƙawa. Ɗalibi zai iya gwadawa da kansa: ya murza tawadar shuɗin biro da kauri a takarda, ya bari ta bushe, ya karkata ta wajen taga. Mabugan Kura da tabarensu madubi suke yi da rini.

Shuɗi na biyu tarihinsa ya fara ne a wani gida guda a Paris, kuma abin mamaki gidan nan ya shafi jihar Agadas ta ƙofa biyu. A 1839 Edmond Becquerel, yana ɗan shekara 19, ya lura cewa haske na iya tayar da wutar lantarki a cikin wasu abubuwa. A 1896 ɗansa Henri ya gano cewa gishirin yuraniyom yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, ba tare da an haska shi ba. Binciken ɗan ne ya fara isowa Abzin da ƙarfinsa. An ga alamar yuraniyom a Azelik a 1957, aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968 ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978 har aka rufe shi a 2021. Wannan makamashi daga cibiyar atom yake fitowa, inda tsagewar ƙwaya ɗaya ke sakin ilektron-volt wajen miliyan 200, a gwada da 2 na shuni. Sai dai tashoshin da ke amfani da shi suna ƙetare. Wutar da aka jawo wa Arlit da Agadas daga gawayin ƙasa na Anu Araren take, kusa da Cirozerin, inda tashar SONICHAR ta fara aiki a farkon shekarun 1980.

Binciken uban kuwa ya yi fiye da shekara 100 yana jiran a fahimci semikondakta. Jan ƙarfe yana ba wuta hanya, gilashi yana hana ta, silikon, wanda ake tacewa daga ma'adinin da ke cikin rairayi, yana tsakani. In atom masu yawa suka jeru a cikin dutse, matakan Bohr sukan haɗe su zama kamar benaye biyu, na ƙasa cike da ilektron ba wurin motsi, na sama fanko. A gilashi tazarar benayen ta fi ƙarfin hasken da ido ke gani. A silikon ilektron-volt 1.1 ce kawai, saboda haka kusan kowace ƙwayar hasken da ido ke gani tana iya ɗaga ilektron sama, inda zai yi tafiya. In aka gauraya wa gefe ɗaya ɗan fosforas, ɗaya gefen ɗan boron, mahaɗarsu takan zama kamar gangare mai tura ilektron hanya guda, ga wuta ta samu. A ɗakin binciken Bell na Amurka aka ƙera taransista a 1947, sannan a 1954 Chapin da Fuller da Pearson suka fito da farantin silikon mai mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa lantarki. Tsadarsa ta sa taurarin ɗan Adam suka fara morarsa, daga 1958.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Nijar tana cikin ƙasashen farko da suka sauko da shi ƙasa. A 1968 an gwada kunna talabijin ɗin makaranta da farantin rana kusa da Yamai, a cikin shirin koyarwa ta talabijin da aka fara a 1964, daga baya aka bai wa makarantun karkara da dama. A wannan zamani ne kuma Farfesa Abdu Mumuni Dioffo ya dawo gida. An haife shi a Tasawa a 1929, ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fizik a 1956, ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako, ya shugabanci ɗakin binciken makamashin rana na Mali, sannan ya riƙe ofishin ONERSOL na Nijar daga 1969 zuwa 1985. Aikinsa ya fi karkata ga zafin rana, murhu da na'urar ɗumama ruwa da injin da zafi ke juyawa, domin a lokacin silikon ya fi ƙarfin aljihun talaka. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992. A gare mu masu harka da harshe, littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya fi kusa da zuciya, domin a ciki ya kare koyar da yara da harsunansu. Makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci an buɗe ta a Damagaram a 1973. A ganina mun yaba wa mutumin fiye da yadda muka bi maganarsa, tun da fizik na lise bai sauko cikin harsunanmu ba.

Yanzu mu koma kan rufi. Silikon tsantsa toka-toka ne, mai ƙyalli, kuma yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya sauka masa, wato asara. Don hana wannan ake shafa masa wata fata ta sinadarin silikon da naitirojin, mai kaurin kimanin nanomita 75. Haske in ya zo, wani kaso ya komo daga saman fatar, wani ya ratsa ya komo daga ƙasanta. Na biyun ya yi ƙarin tafiyar nanomita 150, zuwa da dawowa. A cikin fatar zangon haske yana raguwa da rabi, saboda haka mai 600 ya zama 300, kuma 150 rabinsa ne daidai. Tudun ɗaya ya faɗa kwarin ɗaya, kamar yadda Young ya faɗa, su kashe juna, hasken da zai tsere ya shige cikin silikon ya zama wuta. Shuɗi, da yake zangonsa gajere ne, lissafin bai yi masa daidai ba, sai wani kasonsa ya kuɓuce ya zo ido. Ke nan babu ko ɗigon rini a farantin. Sababbin farantai da aka ƙware wajen kama har wannan ragowar, baƙaƙe suke fitowa. Rawani da faranti duka hasken nanomita 600 suke ɗaukewa daga idon mai kallo, ɗaya ya haɗiye shi ya zama ɗan ɗumi a ka, ɗaya ya tura shi waya ya kunna fitila.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce rini na tarihi ne, silikon na zamani. Amma a 2012 wasu masu bincike na jami'ar Johannes Kepler da ke birnin Linz a ƙasar Ostiriya, cikinsu har da Mihai Irimia-Vladu da Eric Głowacki, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Advanced Materials. Sun turara shuni ya kwanta siriri bisa wani faifai, ƙwayoyinsa suka jeru bisa juna, suka tarar shi ma semikondakta ne, mai tazarar kimanin ilektron-volt 1.7, har suka ƙera taransista da shi ta yi aiki. Kada a yi wa maganar ƙari: ilektron yana tafiya a cikin shuni da nawa sau dubbai fiye da yadda yake a silikon, kuma ba wanda zai cika batir da rawani. Abin da ya ja hankalin masu binciken shi ne shuni ba guba ba ne, yana da arha, kuma ƙasa tana iya cinye shi, saɓanin tarin matattun wayoyi da batura da ke taruwa a bayan garuruwanmu.

Malamin lise a Agadas wanda ɗakin gwajinsa ba shi da kayan aiki zai iya shiga aji da guntun turkuɗi, da fasasshen farantin sola daga wajen masu gyara a kasuwa, da kwanon ruwa da ɗigon mai, da takarda mai tawadar biro. Ya jera su a bakin taga, ya tambayi yara wanne da wanne ne dalilin launinsu ɗaya. Yawancinsu za su haɗa turkuɗi da faranti, alhali faranti da ɗigon mai ne ƴan ɗaki guda, turkuɗi kuma da tawada. Ƙungiyoyin al'adu su ma suna da nasu rabon aikin, domin tsofaffin marina da mabuga da suka rage suna da sunan kowane hali na ramin rini da kowane mataki na ƙyalli, kuma wanda zai rubuta darasin matakan makamashi da Hausa ko da Tamajak zai buƙaci waɗannan kalmomi kafin ya fara ƙirƙiro nasa.